Jirgin Ƙarƙashin Teku: Tarihinsa, Yadda Yake Nutso, da Yadda Ake Ƙera Ƙaraminsa a Gida

Jirgin ƙarƙashin teku, wanda gidajen rediyo kan kira jirgi mai nutso, jirgin ruwa ne da aka ƙera don ya nutse da gangan, ya yi tafiyarsa a cikin ruwa ba a ganinsa, sannan ya taso lokacin da matuƙansa suka so. Yawancinmu labarinsa kawai muke ji, idan an ce Rasha ko Amurka ta tura ɗaya wani wuri, ko idan wani ya ɓace da mutane a ciki kamar yadda ya faru a 2023. Nijeriya ba ta da ko guda ɗaya. Duk da haka ya taɓa tarihinmu fiye da yadda ake zato, domin an sha nutsar da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila. Ita kuwa dabarar da yake aiki da ita, yaron da ya iya motar kara a Azare zai iya gwada ta a cikin baho, da gorar ruwa da robar ƙarin ruwa.

Mu 'yan Guddiri teku ta yi mana nisa. Daga Azare zuwa Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, tirelar shanu sai ta kwana a hanya. Ruwan da muka sani shi ne gulbin Jama'are, wanda da rani yakan koma yashi da ƙananan gurabe, sai damina ta yi nisa ya cika ya tumbatsa. Amma 'ya'yan 'yan uwanmu da aka haifa a Apapa, Fatakwal, Warri da Kalaba, su a bakin ruwa suka buɗe ido, suna ganin jiragen sojan ruwa kullum. Ya kamata a ce sun san yadda abin yake.

Yadda yake nutsewa ya kuma taso

Duk abin da ka sa a ruwa, ruwan yana ɗaga shi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Wani masanin Girka mai suna Arkimidis ne ya bayyana wannan, fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Don haka jarka mai cin lita 25, idan babu komai a cikinta kuma an rufe bakinta, sai ka danna ta da nauyin kusan kilo 25 kafin ta shige ruwa gaba ɗaya. Wannan ne ya sa masunci ke kwanciya a kan gora ya tsallake gulbi. Wannan ne kuma ya sa saniyar da ruwa ya ci take nutsewa da farko, bayan kwana biyu ko uku a ga ta taso: iska ta cika cikinta, jikinta ya ƙara girma, nauyinta bai ƙaru ba.

To, jirgin ƙarƙashin teku yana da tankuna a jikinsa, a wajen ɗakin da mutane ke zaune. Ƙasan tankunan a buɗe yake, samansu akwai murfi. Ku tuna ƙwaryar da mata ke kifewa a kan ruwa lokacin kiɗan ƙwarya. Ba ta nutsewa, domin iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita. Da za a huda saman ƙwaryar, iska ta fice, ruwa ya shigo ta ƙasa, sai ta yi ƙasa. Haka jirgin yake yi: a buɗe murfin sama, iska ta fita, ruwa ya cika tanki, jirgi ya nutse. Idan ana son tasowa sai a rufe murfin, a saki iskar da aka matse a cikin tukwanen ƙarfe, ta koro ruwan ta ƙasa.

Mun ga aikin wannan iskar da ta maƙale a nan gida. A watan Mayun 2013 wani jirgin jan jirage mai suna Jascon-4 ya kife a tekun Nijeriya ya sauka ƙasa, zurfin kusan mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu kusan awa 60, har masu nutson da aka turo ɗauko gawarwaki suka tarar da shi da rai. Shi kaɗai ya tsira.

Nutsewa ba ita ce wahalar ba, ko dutse ya iya wannan. Wahalar ita ce tsayawa a tsakiya, ba sama ba ƙasa, kamar kifi. Sai nauyin jirgin ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture, shi ya sa akwai wasu ƙananan tankuna a gaba da baya da ake tura ruwa tsakaninsu don kada kai ya rinjayi wutsiya. Akwai kuma fukafukai a gefe waɗanda ake karkatawa idan jirgin na tafiya, su danna shi ƙasa ko su ɗaga shi.

Babban maƙiyi shi ne matsin ruwa. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin kusan kilo ɗaya yana ƙaruwa a kan kowane ɗan fili mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya. A inda tarkacen Titanic yake, zurfin kusan mita 3,800, lissafin ya kai kilo 380. Wato ka ɗauko babban sa ka tsayar da shi a kan farcen yatsanka, kuma kowane gurbin farce a jikin jirgin yana ɗauke da nasa san. Shi ya sa ake yin jikinsa kamar bututu ko ƙwallo, don matsin ya rarrabu daidai, ba a yi masa kusurwa irin ta akwati. Jiragen yaƙi ma ba sa zuwa irin wannan zurfi, ɗaruruwan mita kawai suke sauka.

A can ƙasa babu taga. Da kunne ake tafiya, ta na'urar da ke sauraron ƙarar farfelar wasu jirage, ko ta aika sauti ta jira amsa-kuwwa. Idan an matso kusa da sama sai a ɗaga madubin leƙe, bututu mai madubai da ke nuna abin da ke saman ruwa.

Daga ganga mai mutum ɗaya zuwa nukiliya

Wani Baholande mai suna Cornelis Drebbel ya gwada wani jirgin katako da aka lulluɓe da fata mai maiƙo a kogin Thames na Landan wajajen 1620, ana tuƙa shi da filafili. Na farko da aka kai yaƙi shi ne Turtle, wato Kunkuru, wanda David Bushnell ya ƙera a Amurka. Kamar ganga yake, mutum ɗaya ke shiga, shi zai juya farfela da hannu, shi zai shigo da ruwa, shi zai fitar da shi da famfo. A watan Satumban 1776 wani saje, Ezra Lee, ya shiga cikinsa ya nufi jirgin yaƙin Ingila a gaɓar New York don ya maƙala masa nakiya. Bai samu nasara ba, amma ya dawo da ransa, wanda a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya fara nutsar da jirgin abokan gaba shi ne Hunley, a yaƙin basasar Amurka. Ranar 17 ga Fabrairun 1864 ya kai wa jirgin Housatonic hari a bakin Charleston ya nutsar da shi. Mutum takwas ne a cikinsa, bakwai suna juya ƙarfen farfela da hannu, kuma babu wanda ya dawo. Kafin wannan dare ma ya riga ya nutse sau biyu wajen gwaji, har ya ci wanda aka sa masa sunansa, Horace Hunley. Sai a shekarar 2000 aka tsamo shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: jirgin da ya fara harba makamin topido yana cikin ruwa na Daular Usmaniyya ne. Sunansa Abdulhamid, sunan sarkin lokacin. Daga kamfanin Nordenfelt aka saye shi, aka harhaɗa shi a Istanbul, ya yi wannan harbi a 1888. Da tururi yake aiki, zafin cikinsa ba a magana, don haka bai yi wani dogon amfani ba.

Wanda ya warware matsalar inji malamin makaranta ne, ɗan ƙasar Ireland da ya yi ƙaura zuwa Amurka, John Philip Holland. Injin mai yana cin iska, a ƙarƙashin ruwa kuwa iska ta mutane ce. Sai ya haɗa biyu: injin fetur idan ana sama, wanda kuma ke cajin batir, sannan injin lantarki idan an nutse. Sojan ruwan Amurka sun sayi jirginsa a 1900. Daga baya aka maye gurbin fetur da dizal, kuma har yau yawancin jiragen ƙarƙashin teku a duniya a kan wannan tsari suke. Wani takwaransa, Simon Lake, da katako ya fara nasa a 1894, har da tayoyi don ya yi tafiya a ƙasan ruwa. Masu dariyar yaro mai ƙera abu da kara su riƙe wannan.

Manyan sojan ruwa na Turai sun raina abin har ranar 22 ga Satumban 1914, lokacin da wani ƙaramin jirgin Jamus, U-9, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku a cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, mutum sama da 1,400 suka mutu.

Inda ya shafi hanyar Legas

A zamanin Turawa, kamfanin Elder Dempster ne ke riƙe da hanyar teku tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. Jami'an mulki, wasiƙu, kayan kanti, duk ta nan suke zuwa, gyaɗa da fatu da kiraga na Arewa kuma ta nan suke tafiya bayan jirgin ƙasa ya sauke su a Legas. Ranar 28 ga Maris 1915 jirgin Jamus U-28 ya nutsar da Falaba, kwana ɗaya bayan ya baro Liverpool zai zo Afirka ta Yamma, mutum 104 suka rasu. Ranar 28 ga Nuwamban 1917 kuma aka harbi wani jirgin kamfanin mai suna Apapa, wanda ya taso daga Legas, saura ƙiris ya isa gida, a kusa da tsibirin Anglesey. Mutum 77 ne suka mutu. Masu zama a Apapa, jirgi mai sunan unguwarku yana nan kwance a ƙasan tekun Wales.

A Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin Hitila, abin ya matso gaɓarmu sosai. Tashar Freetown ta Saliyo ce matattarar ayarin jirage, don haka Jamusawa suka yi ta farauta a wajen. A 1941 jirgi ɗaya tak, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita guda a wannan yanki. A watan Satumban 1942 U-156 ya harbi Laconia a arewa da tsibirin Ascension. Da kwamandan, Werner Hartenstein, ya gane cewa yawancin waɗanda ke ciki fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, sai ya tsaya yana tsamo mutane, har ya yi shela a rediyo a zo a taimaka. Wani jirgin saman Amurka ya zo ya yi masa ruwan bama-bamai. Daga nan shugaban sojan ruwan Jamus masu nutso, Karl Dönitz, ya ba da umarnin a daina ceton kowa. Sama da mutum 1,600 suka mutu a wannan lamari.

Ta irin wannan teku kakanninmu suka bi. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen bariki ga da yawansu, a jirgin ruwa aka kwashe su zuwa Indiya a 1943 da 1944, daga can suka shiga dajin Burma, wadda tsofaffi ke kira Boma. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, ga shi makonni a kan teku, an kuma gaya masa akwai abin da ke bin su ta ƙasa. Su ma Jamusawan ba su ji da daɗi ba: cikin kusan mutum 40,000 da suka yi aiki a waɗannan jirage, wajen kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba.

Tun da muna maganar sojan ruwa, ga wani abin mamaki na gida. Turawan farko da suka shiga garin Katagum, a watan Janairun 1824 zamanin Sarki Ɗan Kauwa, dukansu biyu sojan ruwan Ingila suka yi wa aiki. Hugh Clapperton laftanan ne, Walter Oudney kuma likita. Ta Sahara da Borno suka biyo, a kan raƙuma da dawaki. Oudney ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, a cikin wannan wata, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato.

Bayan yaƙi sai nukiliya ta canja komai. Injin nukiliya ba ya buƙatar iska. Nautilus na Amurka, wanda aka saka a ruwa a 1954, ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a watan Agustan 1958. Irin waɗannan jirage suna raba ruwan teku da lantarki su samu iskar shaƙa, suna tace ruwan sha, suna tsotse gurɓatacciyar iskar da mutane suka fitar. Abin da ke tilasta musu tasowa shi ne ƙarewar abinci, shi ya sa sukan yi watanni a ƙasa. Ƙasashe shida ne ke da su: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin da Indiya. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke da masu aiki da dizal. Afirka ta Kudu tana da uku ƙirar Jamus, dukansu sunayen mata aka ba su.

Me ya hana Nijeriya saye? A ganina ba abin kunya ba ne. Matsalarmu 'yan fashin teku ne da ɓarayin ɗanyen mai a cikin ƙananan hanyoyin ruwa na Neja Delta, inda jirgi mai nutso ba shi da wurin ɓuya, ga tsadar saye da ta kulawa. Jiragen sintiri ne suka dace da mu, kuma ma'aikatar ƙera jirage ta sojan ruwa a Legas ta riga ta ƙera wasu: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021.

Har yau sana'a ce mai cin rai. Kursk na Rasha ya tafi da mutum 118 a watan Agustan 2000, San Juan na Ajantina mutum 44 a 2017, Nanggala na Indonesiya mutum 53 a 2021. Shi kuwa Titan, ɗan ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido da ya je kallon Titanic ranar 18 ga Yunin 2023, matsin ruwa ne ya murƙushe shi da mutum biyar a ciki, har da attajiri ɗan Pakistan Shahzada Dawood da ɗansa Suleman. Tun kafin ranar masana sun yi ta gargaɗi a kan kayan da aka yi jikinsa da su.

Ƙera ƙaraminsa

A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, wasu tsofaffin sojan ruwa, wasu injiniyoyi, da ba su da abin sha'awa irin ƙera ƙananan jiragen nutso. Suna da ƙungiyoyi, suna haɗuwa a bakin tafki kamar yadda masu kiwon tattabaru ke haɗuwa a wurinmu. Kashi biyu ne. Akwai na ado, wanda ake sayo gutsattsarinsa na roba a kwali daga kamfanoni irin su Revell da Trumpeter, a manna, a yi fenti, a ajiye a kan kanta. Lambar da ke jikin kwalin tana nuna girma. Idan ka ga 1:72, an rage jirgin sau 72 ke nan. Jirgin Jamus samfurin VIIC tsawonsa mita 67 ne, don haka ƙaraminsa zai kai santimita 93. Idan 1:350 ne, santimita 19 kawai. Sai kuma mai shiga ruwa da gaske, wanda shi ne ya fi koyar da mutum abu.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fanni. Yaron da ya fere ɓargon kara ya yi tirela mai taya goma sha takwas, ko ya yanka gwangwanin madara da silifa ya yi mota har da sitiyari, ya riga ya san awo da daidaito. Abin da ya rage masa shi ne lissafin ruwa. (Ƴan Legas kada ku rikice, karan dawa nake nufi, ba Karar shanu ta Berger ba.)

Matakin farko ba ya buƙatar batir. Samu gorar ruwa ta roba, ka huda ramuka uku ko huɗu a jere a gefe ɗaya, wannan gefen shi ne ciki. Ɗaure notuna ko ƙusoshi masu nauyi a wannan gefe, rabi gaba rabi baya. Huda murfin ka zura robar ƙarin ruwa sabuwa daga kemis, ka toshe gefenta da gam. Kada a tsinto wadda aka yi amfani da ita a bolar asibiti. Sa gorar a baho. Idan ka bar bakin robar a buɗe, iska za ta fita ta nan, ruwa ya shiga ta ramukan, gora ta nutse. Idan ka hura, sai ta taso. Idan ta ƙi nutsewa ƙara noti, idan ta ƙi tasowa rage. Wanda ya iya tsayar da ita a tsakiyar ruwa na minti ɗaya ya fahimci abin da Holland ya shafe shekaru yana fama da shi.

Doka ɗaya ce ba a karya ta: nauyi a ƙasa, iska a sama. Idan ka sa batir ko ƙarfe a sama, jirgin zai juya ciki sama kamar mataccen kifi.

Mataki na biyu shi ne bututun roba irin na masu aikin famfo, mai murfi biyu, inda kayan lantarki za su zauna a bushe. A nan lissafi yake shigowa. Bututun da girmansa ya kai lita ɗaya da rabi yana ture ruwa giram 1,500. Sai ka ƙara masa nauyi har ya kai kamar giram 1,470, yana shawagi bayansa kaɗan a waje. Babban sirinji mai cin mililita 60 idan ya zuƙo ruwa daga waje ya ƙara giram 60, jirgi ya koma 1,530, ya nutse. Ya tura ruwan waje, ya taso. Masu wannan sha'awa a Jamus da irin wannan tanki mai kama da sirinji suke aiki, ƙaramin inji ne ke turawa yana ja. Sikelin masu sayar da kaya mai nuna giram ya wadatar wajen awo.

Ga mai farawa akwai hanya mafi sauƙi, kuma ita nake ba da shawara. Kada ka sa tanki sam. Bar jirgin ya fi ruwa sauƙi kaɗan, ka sa masa fukafukai masu kallon ƙasa, gudu ne zai danna shi ciki. Amfanin wannan shi ne ranar da batir ya mutu ko waya ta tsinke, da kansa zai taso, ba sai wani ya shiga ruwa nemansa ba.

Maganar rimot tana ba mutane mamaki. Rimot ɗin motocin wasa na yanzu, masu lamba 2.4, saƙonsu ba ya ratsa ruwa, da jirgi ya nutse ɗan yatsa ya daina ji. Tsofaffin masu dogon eriya, na 27 ko 40, suna ɗan shiga ruwan daɗi, amma ruwan gishiri yana kashe su, kuma ruwan lagun na Legas gauraye yake da gishiri. Mafita ita ce waya. A Amurka akwai wani shirin makarantu mai suna SeaPerch, inda ɗalibai ke haɗa ƙashin jirgi da bututun roba a buɗe, su sa ƙananan injina uku, biyu na gaba da baya da juyawa, ɗaya na sama da ƙasa. Kowane inji ana sa shi a ƙaramin gwangwanin roba a cika da kakin da ke hana ruwa shiga. Wutar tana zuwa daga batir mai bolt 12 da ke bakin ruwa, ta cikin kebul ɗin intanet, wanda wayoyi takwas ne a cikinsa, biyu ga kowane inji har da ragi. Batirin babur ya isa. Kayan nan duk ana samunsu a Alaba, Ladipo, Ariaria ta Aba ko Sabon Garin Kano, sauran kuma a wurin masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan. Kada a kuskura a jona wutar Nepa ko ta janareto da abin da ke cikin ruwa. Batiran tsohuwar kwamfuta kuma suna iya kamawa da wuta idan ruwa ya taɓa su ko aka huda su.

Ruwa kan shiga ne ta inda sandar farfela ta fita da kuma inda waya ta ratsa. Man giris da zoben roba a sandar, gam mai haɗi biyu irin Araldite a wurin waya. Kafin ka sa kayan lantarki, cusa takardar tishu a cikin bututun, rufe, ka danne shi a ƙasan duro ya kwana. Da safe tishun zai gaya maka gaskiya.

Abin da ya kamata a kiyaye, musamman a Kudu

Wannan shi ne ya fi damuna. Bututu mai murfi biyu, ga waya, ga batir, a hannun matashi Bahaushe a tashar mota ko shingen bincike. Ba sai na faɗa muku abin da zai zo wa ɗan sanda ko mutanen gari a rai ba, kuma mun san yadda taron jama'a ke yanke hukunci kafin a yi tambaya. Don haka a yi amfani da gora ko bututu mai garai-garai da ake ganin cikinsa, a yi masa fenti mai haske, a ɗauke shi a warwatse ba a haɗe ba. A yi aikin da sanin malamin kimiyya na makaranta, ko a sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban unguwa, in da hali a riƙe takarda daga makaranta. Kada a je gwaji kusa da tashar jiragen Apapa, barikin sojan ruwa, gada ko bututun mai. Sojan ruwa a ko'ina ba sa wasa da abin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, domin masu safarar hodar ibilis daga Kudancin Amurka suna ƙera nasu. A 2019 an kama ɗaya a gaɓar Sifaniya da kusan tan uku na hodar, bayan ya tsallako Atlantika.

Na biyu, ƙarami ake ƙerawa. Kada wani ya ga ya iya walda ya ce zai haɗa duro biyu ya shiga ciki. A zurfin mita biyu kacal, ruwan da ke danne murfi mai faɗin rabin mita ya kusa kilo 400, babu ƙaton da zai ture shi daga ciki, iskar duro kuma ba ta daɗewa.

Wanda abin ya shiga ransa da gaske, akwai hanya. Makarantar horar da ƙananan sojan ruwa tana Onne a Jihar Ribas, tana neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi. Hafsoshi ta makarantar NDA ta Kaduna suke bi. Akwai kuma makarantar koyon aikin jiragen ruwa a Oron, Jihar Akwa Ibom. Shi kansa Harrison Okene daga baya aikin nutso ya koya.

Wurin gwaji kuwa, a Azare komin shayar da shanu ko duron ruwa ya fi kududdufi, domin ruwan kududdufi ba a ganin abin da ke ciki, ga laka mai riƙe ƙafa, kuma duk damina sai ya ci yara. A Legas ma haka, baho ko buɗaɗɗen tanki a tsakar gida, da babba a tsaye. Idan jirgin ya ƙware har ana son kai shi babban ruwa, a ɗaura masa zaren kamun kifi mai ƙwari da ɗan guntun soso a ɗaya bakin, don a jawo shi daga tudu.